Finafinan 'yan kokawar Meziko masu rufe fuska: da gaske suke ko wasa?

Wani ɗan'uwa ya turo mini tambaya. Ya ce ya ci karo da wani tsohon fim baƙi da fari a YouTube, jarumin wani kakkauran mutum ne da ya rufe kai da fuska da hula mai ƙyalli kamar azurfa. Da ita yake tuƙa mota, da ita yake sa kwat ya je cin abinci, da ita kuma yake dambe da matattu. Ya ce jemagen da ke cikin fim ɗin na roba ne, har zaren da aka rataye shi ana gani. Shi ne yake son sanin ko barkwanci ne aka shirya, ko kuwa da gaske suke yi. In da gaske ne, me ya sa aikin ya yi arha haka, kuma me ya hana mutumin cire hular?

Malam, da gaske suke yi. Wanda ka gani El Santo ne, kuma abin da zai fi ba ka mamaki shi ne ba don fim aka ƙirƙire shi ba. Ɗan kokawa ne na haƙiƙa, wanda mutanen birnin Meziko ke biyan kuɗi su shiga su kalla a fili da idonsu. Sunansa na yanka Rodolfo Guzmán Huerta, an haife shi a garin Tulancingo a 1917, ya fara fitowa da sunan Santo da hular azurfa a 1942. Sai da ya shekara 16 yana kokawa da wannan hula kafin ya taɓa tsayawa gaban kyamarar fim. Riƙe wannan da kyau, domin amsar sauran tambayoyinka biyu daga nan ta fito.

Kokawar Meziko, wadda suke kira lucha libre, ta kafu ne a 1933 lokacin da Salvador Lutteroth ya buɗe kamfanin shirya ta. Kamar resilin ɗin Amurka da ka sani, an tsara wanda zai yi nasara tun kafin a hau dandali, amma faɗuwar da tsalle-tsallen ba na ƙarya ba ne, ana karya ƙashi a ciki. 'Yan wasan kashi biyu ne, na kirki da ake kira técnicos da mugaye da ake kira rudos, wato dai akta da bos kamar yadda muke faɗa a gidan kallo. Shi kansa Santo a ɓangaren mugaye ya fara, duk da sunansa yana nufin waliyyi. Daga baya ne, da yara suka ɗauke shi gwarzonsu, ya koma ɓangaren na kirki.

Hular nan kuwa ba ado ba ce. Mafi girman karawa a wannan kokawa ita ce wadda mutum biyu za su sa hulunansu a caca. Wanda aka kayar, a nan cikin fili zai kwance igiyar da ke bayan ƙeyarsa, ya cire, a sanar da sunansa na gaskiya da garinsu, kuma ba zai sake sa wannan hula ba. Mu da muka san abin da ake nufi da tuɓe wa basarake rawani ba ma buƙatar dogon bayani. A watan Nuwamban 1952 Santo ya yi irin wannan karawa da Black Shadow a filin Arena Coliseo, ya raba shi da hularsa, kuma har yau ana ba da labarin wannan dare. To mutumin da ya ci hulunan wasu, tasa ba a taɓa ci ba, kana ganin zai yarda ya cire ta don wani darakta ya ce wurin cin abinci ake ɗauka? Ai har hula ta musamman yake da ita mai buɗaɗɗen haɓa don cin abinci cikin mutane. Akwai fim ɗinsa guda, El hacha diabólica, inda labari ya kai ga dole ya nuna wa budurwa fuskarsa. An cire ɗin, amma kyamara tana baya, ƙeya kawai 'yan kallo suka samu. Sai a watan Janairun 1984, bayan ya yi ritaya, ya ɗaga hular na ɗan lokaci a wani shirin talabijin mai suna Contrapunto, ba tare da ya sanar da kowa ba. Kwanaki kaɗan bayan nan, ranar 5 ga Fabrairu, ciwon zuciya ya yi ajalinsa, kuma da hular aka binne shi. Haka aka yi wa abokin hamayyarsa Blue Demon da ya rasu a 2000.

Yanzu batun arha, wanda nan ne na fi son mu daɗe.

Masu shirya fim ba su gano amfanin hular nan ta hanyar Santo ba. A 1952 an nemi ya fito a wani fim da aka laƙaba wa kirarinsa, El Enmascarado de Plata, ya ƙi, sai darakta René Cardona ya yi fim ɗin da wani ɗan kokawar daban. A wannan shekarar kuma Joselito Rodríguez ya shirya Huracán Ramírez, kuma a nan ne dabarar ta fito fili. Ɗan wasan kwaikwayo David Silva ne jarumi, shi ke magana, shi ke soyayya, amma da zarar an sa hula an hau dandali, wani ɗan kokawa na gaske ne a ciki. Mai kallo ba ya ganin an sauya mutum. Abin ya karɓu har aka ciro Huracán Ramírez daga fim aka mai da shi ɗan kokawa na gaske a fili, inda ɗan kokawa Daniel García ya shafe shekaru da yawa yana sanye da wannan hula.

Ka duba abin da hula ke rage wa furodusa. Ba ya buƙatar jarumin da ya iya nuna baƙin ciki ko fargaba a fuska, tunda babu fuskar. Ba ruwansa da tsufan jarumi: Santo yana da shekara 41 ya fara fim, ya ci gaba har yana dab da 65, 'yan mata na ta mutuwa a kansa a cikin labari, babu furfura babu tamoji. Ba ya ma buƙatar muryarsa. A yawancin finafinan Santo, muryar nan mai kauri da kake ji ba tasa ba ce, wani ne ya ɗora a sutudiyo, kuma da yake leɓe ta 'yar ƙaramar kafa kawai ake hangowa, ba wanda zai kama cewa baki da magana ba su daidaita ba. Masu yi mana fassarar finafinan Indiya da za su samu jarumi irin wannan da sun huta.

Abu na biyu shi ne kokawar kanta. Idan ka lura, a kusan kowane fim labari zai tsaya cak, a kai ka filin kokawa, ka kalli karawa cikakkiya, wani lokaci zagaye uku, sannan a dawo kan maganar boka ko likitan da ya haukace. Masu sharhin fim na waje suna kiran wannan ciko. Ta fuskar kuɗi gaskiyarsu ne, domin minti goma na kokawa ba ya buƙatar marubuci, ba ya buƙatar gina ɗaki, 'yan wasan sun san aikinsu tun kafin a kunna kyamara, wani lokaci ma tsohon hoton wata karawa ake yankowa a liƙa. Amma ta fuskar mai kallo ba ciko ba ne, shi ne naman miyar. A farkon shekarun 1950 an fara nuna kokawa a talabijin a birnin Meziko, sai hukumar birnin, zamanin shugabanta Ernesto Uruchurtu, ta hana a tsakiyar shekarun, kan hujjar cewa yara na kwaikwayo suna ji wa juna ciwo. Kokawa ba ta dawo talabijin ɗin babban birnin sosai ba sai farkon shekarun 1990. Saboda haka tsawon zamanin finafinan nan, wanda ba zai iya zuwa filin kokawa na Arena México ba, ko yana wani ƙauye mai nisa, ko yana aikatau a gonakin Amurka, hanyar da ta fi masa sauƙin ganin Santo yana motsi ita ce silima. Da kuɗin tikiti ɗaya ya ga kokawa biyu ko uku, ga kuma gyaran masu shan jini a kai. Wannan mutum ba zaren jemage ya zo dubawa ba.

Haka batun mata. An hana mata kokawa a babban birnin tun shekarun 1950 har zuwa 1986, amma a 1963 Cardona ya fito da Las luchadoras contra el médico asesino, inda Lorena Velázquez da Elizabeth Campbell suka fito a matsayin 'yan kokawa mata masu farautar wani likita mai kisan kai. Abin da hukuma ta hana a fili, sai ga shi a allon silima.

Abu na uku, wanda mutane kaɗan suka sani, rigimar ƙungiyoyin ƙwadago ce. A 1945 ma'aikatan fim na Meziko sun rabu gida biyu. Manyan taurari irin su Cantinflas da Jorge Negrete suka ɓalle suka kafa STPC, suka bar tsohuwar ƙungiya STIC. Shugaban ƙasa Manuel Ávila Camacho ya raba musu gardama: dogayen finafinai na STPC ne, gajeru da na labarai da masu zuwa kashi-kashi na STIC. Ma'aikatan STIC sun fi arha. To me kake tsammani furodusa mai ƙaramin jari zai yi? Sai ya tafi sutudiyon América, wanda aka buɗe a 1957, ya ɗauki 'yan STIC, ya rubuta a takarda cewa gajerun finafinai uku zai yi masu kamar rabin awa kowanne, ya gama ya ɗinke su wuri ɗaya ya kai silima a matsayin fim guda. Shi ya sa in kana kallon wasu daga cikinsu, kamar jerin Neutrón da Federico Curiel ya ba da umarni, za ka ga ana tsakiyar labari sai wani sabon take ya fito a allo kamar an fara wani fim. Ba kuskuren mai tacewa ba ne, shaidar da za a nuna wa ƙungiya ce. Wannan ma ya shafi yadda ake gina labarin, domin kowane kashi sai an ba shi nasa faɗan da nasa ƙarshen, sai fim ya riƙa tafiya kamar motar da ke tsayawa a kowace tasha.

Sauran dabarun tsimi kuwa duk wanda ya taɓa leƙa wurin ɗaukar fim a Kano zai gane su. A yi finafinai biyu a tafiya ɗaya da 'yan wasa ɗaya da kaya ɗaya. Finafinan Santo na farko, Santo contra el cerebro del mal da Santo contra hombres infernales, haka aka yi su a Kyuba a ƙarshen 1958, suka tattara suka bar Havana dab da shigowar dakarun Fidel Castro. A cikinsu ma ba shi ne babban jarumi ba, kuma sai 1961 suka fita kasuwa. Na ƙarshensa biyu a 1982, waɗanda aka ɗauka a jihar Florida, su ma tagwaye ne. Tsakanin waɗannan da waɗancan ya yi fim sama da 50. A ɗauki wurin dare da rana tsaka a rage haske, har kana ganin inuwar mutum a ƙasa. A ari gidan wani mai hali a ce fadar mugu ce. Ɗakin binciken kimiyya kuwa 'yan kwalabe ne masu hayaƙi da fitilu masu ƙyaftawa. Mutanen Meziko da kansu suna da sunan da suke kiran irin wannan fim: churro, sunan wani soyayyen abin fulawa da ake sayarwa a bakin titi. Kamar dai mu ce fim ɗin ƙosai, a jefa a mai a kwashe, mai saye na tsaye.

Sai dai kada ka ɗauka duka haka suke. Ladrón de cadáveres na Fernando Méndez, wanda ya fita a 1957, fim ne na tsoro mai kyau ko da wane ma'auni ka auna shi, kuma shi ya nuna wa 'yan baya cewa kokawa da dodanni suna shiga tukunya ɗaya. Santo contra las mujeres vampiro na 1962, wanda Alfonso Corona Blake ya ba da umarni, mintunansa na farko a cikin kufan gidan nan mai yanar gizo-gizo da akwatunan gawa an haska su da gwaninta sosai. A cikinsa akwai wurin da, a ganina, ya tattara duk abin da wannan nau'in fim yake. Matan nan masu shan jini suna son sace 'yar wani farfesa, Santo ya tsaya musu a wuya, sai suka aika bawansu ya kashe wani ɗan kokawa a ɗakin sauya kaya, ya sa baƙar hularsa, ya hau dandali a madadinsa. Ana cikin karawa Santo ya ji bugun ba irin na wasa ba ne, mutumin nan kashe shi yake son yi, har yana laluben igiyar hularsa. Da ƙyar Santo ya juya shi ya fizge tasa hular, sai ga fuska duk gashi da fiƙoƙi irin ta kyarkeci. Fili ya kaure da ihu, 'yan sanda suka hau suna harbi, harsashi bai yi masa komai ba, ya rikiɗe jemage ya tashi. Ka lura da inda aka ajiye abin tsoron. Ba a maƙabarta dodon ya bayyana ba, a cikin dandali ne, gaban 'yan kallo, kuma ta hanyar cire hula, wato abin da ɗan kallon Meziko ya riga ya san nauyinsa tun daga gida. Wanda ya rubuta wannan ya san mutanensa.

Wani abin da ke ɗaure wa baƙo kai shi ne yadda ba wanda ke mamakin Santo a cikin fim. Sufeton 'yan sanda zai kira shi ta wata na'ura mai allo, ya ce ga matattu sun tashi, shi kuma ya amsa cewa yana da kokawa da daddare amma zai zo bayan an tashi. Ba ya tashi sama, harsashi na iya kama shi, sau da yawa ma dukan tsiya ake yi masa kafin ya farfaɗo. Ba shi da wani suna na ɓoye ko aikin ofis da yake komawa da safe kamar jaruman Amurka. Santo ne a fim, Santo ne a fili ranar Juma'a, Santo ne a mujallar labarai cikin hotuna da José G. Cruz ya fara bugawa a farkon shekarun 1950, wadda ta yi shekaru masu yawa tana fita. (Dattawanmu da suka karanta Lance Spearman a mujallar African Film sun san irin wannan aiki na hoto da rubutu.) Yaron da ya kalle shi yana ƙone masu shan jini ranar Lahadi zai iya miƙa hannu ya taɓa alkyabbarsa a ƙofar fili mako mai zuwa. Wannan kusanci shi ake sayarwa, kuma ba ya cin kuɗi.

Ba shi kaɗai ba ne a kasuwar. Blue Demon, wanda ya taɓa kayar da shi ya ci kambu a 1953, ya yi nasa finafinan, wasu kuma tare suka yi duk da ba sa ga-maciji sosai a zahiri. Mil Máscaras kuwa, mai huluna dubu, furodusa Luis Enrique Vergara ne ya shigo da shi fim a tsakiyar shekarun 1960 saboda yana neman sabon jarumi, matashi Aarón Rodríguez ne a cikin hular, daga baya ya zama ɗan kokawar da ya zaga duniya har Japan. Su ukun sun haɗu a Las momias de Guanajuato da ya fita a 1972, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kawo kuɗi. Busassun gawarwakin Guanajuato ɗin ma ba ƙirƙira ba ce: gawarwaki ne da aka tono daga maƙabartar garin tun ƙarni na 19 saboda danginsu sun kasa biyan harajin kabari, aka tarar sun bushe ba su ruɓe ba, kuma suna nan a gidan tarihi ana zuwa kallo. A fim ɗin Blue Demon da Mil Máscaras ne suka sha wahala tun daga farko, sai a mintunan ƙarshe Santo ya iso da bindigogi masu feshin wuta ya gama da gawarwakin, ya kwashe yabon. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Dariyar da ka yi, ban ga laifinka ba, ni ma ina yi. Amma wani ɓangare na sunan shirme da finafinan suka yi a waje daga fassara ya samo asali. Wani Ba'amurke, K. Gordon Murray, ya sayi wasu ya ɗora musu Turanci a Florida da muryoyi masu ban dariya, ya sauya wa Santo suna zuwa Samson, aka riƙa nuna su a talabijin da tsakar dare. Kaɗan ne daga finafinan Santo aka fassara haka, amma da su Turawa suka yi masa hukunci. A wasu ƙasashen kuwa da mutuncinsa ya shiga. A Turkiyya ya yi farin jinin da a 1973 suka yi nasu fim ɗin, 3 Dev Adam, suka sa wa wani ɗan wasansu hular azurfa suka kira shi Santo ba tare da izinin kowa ba. Ka ga wata fa'idar hular ke nan, wannan karon ga ɓarawo. Kuma Santon nasu yana cire hula yana mayarwa yadda ya ga dama, abin da ya isa ya nuna maka ba su fahimci abin da suka sata ba.

Kasuwar ta fara mutuwa a tsakiyar shekarun 1970. Gwamnatin Luis Echeverría ta shiga harkar fim da ƙarfi, ta karkata kuɗin bankin fim zuwa ga irin finafinan da take ganin sun fi daraja, finafinan kung fu daga Hong Kong suka janye matasa, furodusoshi masu neman kuɗin gaggawa suka koma finafinan mashaya da barkwancin batsa. Jaruman ma sun tsufa, jarin ya ƙara tsukewa, har ta kai na ƙarshe-ƙarshen suna da wuyar kallo ko ga mai son su irina. Launi ma bai taimake su ba, domin baƙi da fari yana rufa wa dodon roba asiri, launi kuwa tona shi yake.

Idan kana son ka shiga cikinsu sosai, fara da Ladrón de cadáveres, ka bi da na matan masu shan jini, sai Santo en el museo de cera na 1963, ka ajiye na Guanajuato zuwa lokacin da ka saba da su ukun. Nemi na Sifaniyanci mai rubutun fassara a ƙasa, ka bar na Samson. In an zo wurin kokawa kada ka tura gaba, ka zauna ka ƙirga zagayen, ka kuma lura da hannun abokin karawa duk lokacin da ya nufi ƙeyar Santo.